Jakar Ƙusa ta Goma Sha Bakwai

Ƙarfe biyu da kwata aka bugo waya ofishin 'yan sanda: an tsinci yarinya 'yar aji ɗaya a ƙarƙashin matattakalar bayan makaranta, ba ta numfashi. Sufeto ya ajiye cokalinsa, ya ɗauki hula, Kofur ya tayar da mota.

Shekararta shida. 'Yar Firit ake ce mata saboda ƙanƙanta. An shimfiɗe ta a gefen kwata, an gyara mata siket, an haɗe hannuwanta a ƙirji. Sufeto ya daɗe a tsugune. Shekara ashirin yana wannan aiki, amma har yau bai saba da ganin gawar yaro ba. Babu takalmi a ƙafarta, safarta kuwa fara tas, alhali wurin duk caɓi ne. Tafin hannunta fari fat da garin alli.

Mai gadi ya rantse bai gusa daga bakin ƙofa ba. Da Kofur ya nuna masa kwanon da ya ɓoye a bayan kujera, sai ya sunkuyar da kai, ya ce ya ɗan leƙa tsallaken titi sayen abinci. Maƙaryaci dai, amma ba shi ake nema ba.

Likita ya ce babu rauni ko ɗaya. Asma ce ta shaƙe ta, kuma ta kai awa biyu da cikawa.

Shugaban makaranta sai zuba yake kamar an kunna rediyo. Ya ce Malamar aji ɗaya shekararta ashirin da biyu ba ta taɓa ɓatar da ko fensir ba. Kowane yaro da ƙusarsa a bango, da lamba, inda yake rataye jaka. Yara ba sa zama wuri ɗaya, shi ya sa ta fi gane wa ƙirga jakunkuna. Sai da Sufeto ya matsa masa ya amsa cewa malamin aji biyu bai zo ba, an tura mata nasa yaran bayan hutun tara. Yara sittin da biyar a ɗaki ɗaya, mace ɗaya.

Sufeto ya same ta zaune a ajin, rajista a buɗe a gabanta. Ya san ta sarai, ita ta koya wa 'yarsa rubuta sunanta. A bango ƙusoshi talatin da ɗaya babu komai, ta goma sha bakwai ce kawai da jaka. Ya zuge ta. Maganin asmar yarinyar, wanda take shaƙa, yana ciki.

"Malama, kin ƙirga su bayan tara?"

"Na ƙirga, yallaɓai. Talatin da biyu cif."

"Kawuna ko jakunkuna?"

Sai ta ce wataƙila yarinyar ta sulale ne ana tashi. Ya tambaye ta wa ke riƙe da makullin sito, inda ake ajiye alli. Ta ce ya ɓata tun makon jiya. Amma hannunta ya kai kan aljihun jakarta, kuma Sufeto ya gani. Ya sa ta fito da makullin.

Siton ɗan ɗaki ne a ƙarshen baranda, ba taga, ƙura ta cika shi. A bayan kwali ya ga takalma biyu an jera su daidai, yadda ake koya wa yara. A jikin ƙofa ta ciki, daidai ƙugunsa, shatin ƙananan hannuwa ne fari, ɗaya kan ɗaya, ba su ƙirguwa. Kofur ya juya baya yana share ido.

Sufeto ya dawo ya ajiye takalman a kan rajista.

"Minti biyar na ce mata," in ji Malama. "Littafin wata ta yaga lokacin tara, na sa ta a ciki ta yi hankali. Sai aka turo mini aji biyu. Na ɗaga kai na ƙirga bango, ya cika, hankalina ya kwanta. Sai da aka tashi, kowa ya ɗauki tasa, na ga saura ɗaya."

"Me ya sa kika kai ta ƙarƙashin matattakala?"

"Tsoro. Na so a ce faɗuwa ta yi. Amma na kasa barin ta a yashe, sai na gyara mata kaya."

Kofur ya ciro ankwa, Sufeto ya girgiza masa kai. Ta miƙe da kanta, ta rufe rajista, ta jera alli a gefen allo kamar gobe za ta dawo.

A baranda uwar yarinyar tana tsaye, tufafin wurin aiki a jikinta, ko kuka ta kasa. Malama ta durƙusa a gabanta. Uwar ba ta dube ta ba. Ta wuce cikin ajin, ta sauke jakar daga ƙusa, ta rungume.

Ana sa Malama a mota ta riƙo hannun rigar Sufeto.

"Don Allah ka gaya wa wadda za ta karɓi ajin, ta riƙa kiran sunansu ɗaya bayan ɗaya, ta ga fuskar kowa."

Ya ce zai faɗa. Ya rufe mata ƙofa a hankali.