Rabin Dunƙule

"Wannan miya ce ko ruwan wanke tukunya?!" Ya ture kwanon har cokali ya faɗi ƙasa.

"Haba Abban yara... a gabanka likita ya ce jininka ya hau. Ba dunƙule, gishiri ma ɗan kaɗan."

"To likitan ya zo ya ci!"

Mijina tela ne, kuma a kan kwaɗayi ba ya jin kunyar kowa. Umma, mahaifiyarsa da muke zaune tare, ta leƙo daga ɗakinta.

"'Yar nan, ki ji tsoron Allah! Dubi wuyansa duk ya rame."

Na ware masa 'yar tukunyarsa daban, na dage da albasa da tafarnuwa da citta. Umma ta ce ita za ta riƙa kai masa abincin rana shago, wai ta motsa ƙafa.

Sai faɗa ya ƙare. Kwano ya fara dawowa tas, shi kuma yana kirana rabin ransa. Ni sarkin yarda har godiya nake wa Allah, wai bakinsa ya saba.

Wata rana da hantsi ya kife a kan keken ɗinki.

A asibiti likita ya ce ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ya dube ni. "Ke ce mai girkin? Me kike zuba masa?"

Kafin in buɗe baki Umma ta zube ƙasa.

"Ba ita ba ce... ni ce! Rabin dunƙule nake marmasa masa a hanya. Rabi kawai, don ya ci!"

Daga ranar ta daina cin abinci, ta kasa haɗa ido da ni. Wallahi na ji haushinta, ba zan ɓoye ba.

Da na je rufe shagon, na ja aljihun keken. Cikin maɓallai da zare na ga ƙullin gishiri, ya kusa ƙarewa.

Na dawo na same ta a bakin gadonsa, na ɗora mata ƙullin a cinya.

"Ba ke kaɗai ba ce, Umma. Tashi ki ci abinci."

Ta dubi ɗanta. Hawaye ya gangaro masa, bakinsa a karkace.

"Ku... yafe..."

Na kama hannunsa na dama na matse iya ƙarfina.

"Kana jina, masoyi? Matse ni ko kaɗan ne..."

Muka zuba wa yatsun ido ni da Umma. Ba su motsa ba.