Alif a Sabulun Hajara

A shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa, Madam Hajara ta shigo komisariya, ofishin 'yan sanda, ba ko sallama. Tun da aka sallame ta daga ɗakin gwaje-gwaje na wani kamfani, sabulun ruwa take haɗawa a shagonta da ke unguwar Briqueterie. Da safen nan ya kamata ta kai wa wani otal durom huɗu, sai ta tarar duk sun tsinke kamar nonon da ya kwana.

"Idan otal ɗin nan ya kuɓuce mini, na kaɗe," in ji ta.

Sufeto Garga ya bi ta zuwa shagon. Ba a fasa kwaɗo ba, duromomin kuma cike fal.

"To me aka sata, Madam?"

"Rabin sabulun! An cike gurbin da ruwa. Amma ruwa kaɗai ba ya yin haka. Ƙwayoyin sabulu caji iri ɗaya gare su, tunkuɗe juna suke. Sai an zuba abu mai kishiyar cajin suke dunƙulewa su kwanta."

"Wa ke da makulli?"

"Ni da Kaltuma, aminiyata. Ita kam cire ta a ciki."

Garga bai cire kowa ba. Ya fara da Mohaman Bello, mai sayar da ruwan rijiya. Hajara ta ɗiga jan ruwansa a sabulu mai kyau, ko gezau.

"Ranka ya daɗe, ni tura kura na sani," in ji shi. "Jarka takwas na kai wa Kaltuma ran Alhamis, ta ce wanki za ta yi."

A gidan Kaltuma, Garga da Hajara suka tarar da randa cike da ruwa garau.

"Na famfo ne, Sufeto," in ji ta.

"Famfon da ya yi mako biyu bai ɗiga ba?"

Ya zura hannu ƙasan randar, ya ɗago laka da guntun alif. Ya zuba ludayi ɗaya a kofin sabulu mai kyau da Hajara ta zo da shi. Nan take ya yi gudaji-gudaji.

Kaltuma ta zube ƙasa. Ta ce ta sayar da sabulun a unguwar Elig-Edzoa. Ta ji tsoron jan ruwa zai tona ta, shi ya sa ta tace shi da alif tukuna. Wayo ya ci mai shi ke nan!

Hajara ta dube ta cikin takaici.

"Kaltuma, wa ya koya miki sa alif a ruwa?"

Sai Hajara ta ba kanta amsa:

"Ni ce. Lokacin da zawo ya kusa kashe miki 'ya'ya."

Garga ya yi wa Kaltuma nuni da ƙofa. Ta tsaya gaban Hajara, ta ce, "Yaya, ki yafe..."

Hajara ta miƙa tafin hannu. "Ba ni makullina."