Wanda Aka Ci Ya Tashi

Ku matso nan. Kai Sabi'u, kashe wayar nan, haskenta na damuna. Ba ku ne kuka nace sai na ba ku labarin shagon nan mai koren ƙyaure na bayan tasha ba? To ku yi tsit. Wanda ya san zai kasa fita fitsari anjima, ya tashi tun yanzu.

Mai shagon sunansa Haladu. Dogo ne, mai fara'a, ba ruwansa da kowa. Ya buɗe shagon intanet lokacin da ake rububi, masu duba sakamakon jarrabawa da masu neman aiki har layi suke yi a ƙofarsa. Daga baya manyan wayoyi suka cika hannun mutane, kasuwa ta mutu murus. Ya dinga sayar da kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya, har ya rage guda ɗaya a can lungu, teburinta manne da bango.

Zaman banza ne ya ja masa. Wata rana yana 'yan latse-latse ya faɗa wani shafi da ake buga ces, darar Turawan nan mai sarki da sarauniya da dawaki da ƙananan dakaru. Ba sai ka nemi abokin wasa ba. Ka buɗe shafin kawai, farare naka, baƙaƙe na kwamfuta. Mahaifin Haladu kuwa gwanin dara ne a zamaninsa, abin a jini yake. Nan da nan ya cinye ƙananan matakan wasan, ya hau na ƙarshe. A nan ya tsaya cik. Ya buga da safe a ci shi, ya buga da yamma a ci shi. Ko kunnen doki bai taɓa yi da ita ba.

Matarsa Lantana ita ta fara ganin abin ya wuce wasa. Tuwo ya huce a kwano, a ɗumama, ya sake hucewa. In ya dawo ma, tana magana yana kallon tabarma, yatsansa na zana hanyar doki a kai.

"Maigida," in ji ta, "gangar jikinka kawai ke dawowa gidan nan."

"Sau ɗaya, Lantana. In ci ta sau ɗaya tak, wallahi na bari."

"Haka ka ce tun kafin azumi."

"Wannan karon na rantse miki."

Ta ɗauke kwanon a hankali. "Ni dai mijina nake so ya dawo, ba wani abu ba."

Kuma fa yana sonta, kada ku ce ba ya sonta. Da gaske yake nufin zai bari. Cin nan guda ɗaya ne ya tsaya masa a maƙogwaro.

Ranar wata Juma'a ce, rana ta take tsaka. Maƙwabtansa masu shaguna suka rufe, suka saɓa darduma suka nufi masallaci. Mai faci ya leƙo ya ce, "Haladu, ba ka zuwa?" Ya ce, "Ga ni nan a bayanku." Bai ko ɗago kai ba. Layin ya yi shiru, ko akuya ba ta motsi.

Sai fanka ta tsaya. An ɗauke wuta.

Kwamfutar ba ta mutu ba.

Ya dubi fankar, ya dubi allon wasan yana nan tar. Sanyi ya fara taso masa daga ƙasa, irin sanyin bakin rijiya. Sai ya ji wari kamar na tsohuwar tsamiya da ta jiƙe.

"Dokinka zai mutu in ka sa shi a nan."

Wani tsoho ne zaune a bayan kwamfutar, suna fuskantar juna. Ku tuna na ce muku teburin manne yake da bango. Ko ƙadangare sai ya matse kafin ya wuce ta wurin. Amma ga mutum zaune daram, da farar riga da ta koma ruwan ƙasa. Bai yi sallama ba. In ya yi magana, bakinsa ne ke fara motsi, muryar ta biyo baya, kamar kiran bidiyo a inda sabis ba shi da ƙarfi.

Murfin biro ya suɓuce daga hannun Haladu. Ya sunkuya zai ɗauka, idonsa ya faɗa ƙarƙashin tebur. Ƙafafun tsohon ba takalmi. Busassu ne, dogaye, kuma yatsun sun nutse cikin siminti kamar saiwa.

Ya kamata ya ambaci Allah ya zura da gudu, ko ba haka ba? Ƙofa a buɗe take. Amma abin da ya fito daga bakinsa kawai shi ne, "Baba, kai ne ke buga baƙaƙen?"

"Ni ne. Tun ana yi da kara da tsakuwa a gurabe, a nan wurin, kafin a sare tsamiyar da ke nan a zuba siminti. Yanzu kun kawo wannan. Duk dara ce."

"Ba ka taɓa faɗuwa ba?"

"Na daɗe a zaune, ɗan nan." Tsohon ya yi ajiyar zuciya, sai da aka jima sannan aka ji sautinta. "Kana son ka ci?"

Haladu ya dubi allon. Ya tuna Lantana, ya tuna rantsuwar da ya yi mata. Sau ɗaya, ya rufe shafin, ya koma gida ya ci abinci da zafinsa.

"Ina so."

"To da dokar dandali za mu yi. Wadda ubanka ya sani."

"Wanda aka ci ya tashi?"

"Ita."

Haladu har murmushi ya yi. Wannan ai kowane yaro ya san ta. "Na yarda," in ji shi.

Suka fara. Tsohon bai taɓa komai ba, baƙaƙen ne ke tafiya da kansu. Da farko wasan ya yi tsauri kamar kullum. Can sai baƙin doki ya kauce daga inda yake tsaron gida. Haladu ya ɗauka tarko ne, ya duba, ya sake dubawa, babu tarko. Ya ci soja. Ya ci wani. Sai ga baƙar sarauniya ta fito fili ta tsaya, ba mai kare ta. Gumi na ɗiga daga haɓarsa, hannunsa na kan linzamin kwamfutar. Ƙafafunsa sun yi sanyi ƙalau har gwiwa, amma bai kula ba, ya ɗauka zama ne ya yi yawa.

Ya cinye sarauniyar. Ya rutsa sarkin a lungu, ba gaba ba baya.

"Na ci!" Ya daki tebur. "Wallahi na ci!"

Tsohon ya lumshe ido. Ya dafa bango, ya fizgo ƙafarsa ta dama daga cikin siminti, ya fizgo ta hagu, da ƙara kamar ana tuge rogo a busasshiyar ƙasa. Ya miƙe. Ya yi ta miƙewa har kansa ya taɓa silin. Ya yi miƙa, ƙasusuwansa suka yi ƙas ƙas.

Haladu ma ya yunƙura zai tashi. Bai tashi ba.

Bango ya ji a bayansa. Gabansa gilashi. Ta cikin gilashin yana hango shagonsa, da ƙofa, da hasken rana a waje, da wani dogon mutum zaune a kujera, ido buɗe, hannu a kan linzami. Sai da ya ga tabon da ke goshin mutumin sannan ya gane kansa yake kallo. Ya duba allon wasan. An sake jera shi, baƙaƙen suna ɓangarensa.

"Baba! Ai ni na ci!"

"Kai ka ci. Shi ya sa." Tsohon yana kakkaɓe rigarsa. "Wanda aka ci ya tashi. Wanda ya ci kuwa yana nan zaune har sai an ci shi. Ubanka bai nuna maka ba?"

Ya nuna masa. Sau nawa aka aike shi kiran mahaifinsa a dandali, ya tarar da shi zaune tun hantsi, ya ce ba halin tashi, ba a ci shi ba tukuna? Kowa rabin dokar yake faɗa, don ɗaya rabin ba ya bukatar faɗa.

Daidai nan Lantana ta yi sallama, da kwanon abinci ɗaure a ɗankwali. Suka yi kiciɓis da tsohon a bakin ƙofa. Haladu yana ji, yana gani.

"Yarinya," in ji tsohon, "abin da ya riƙe mijinki yana cikin akwatin can. Ranar da kika ci shi a wasan, mijinki zai tashi."

Ya fita cikin rana, ba inuwa a bayansa. Haladu ya yi ihu iya ƙarfinsa, "Ƙarya ne! Bai faɗa miki duka ba!" Ko ƙuda bai ji shi ba. Kwanon ya faɗi, miya ta malale a ƙasa.

Aka ɗauki gangar jikin aka kai gida. In an ba shi abinci ya haɗiye, in an kwantar da shi ya kwanta. Asibiti suka ce ba su ga komai ba. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, aka kawo masu ruƙiyya har muryarsu ta dushe. Shiru. 'Yan'uwansa suka ce a fasa kwamfutar a ƙona. Lantana ta tsaya a ƙofar shagon ta ce sai dai a fara fasa kanta. Ta sayo ƙaton kwaɗo ta datse, ta rataya makullin a wuyanta, don kada wani ya shiga ya ɓata mata hanyar da ta rage.

Matar da ko darar gargajiya ba ta taɓa bugawa ba, ita ta zauna koyon ces. Kullum in ta yi wa mijinta wanka ta ba shi abinci, sai ta zo ta buɗe, ta kulle kanta a ciki, ta zauna a kujerarsa. Haladu na kallon fuskarta ta gilashi, kusa da kusa. Ba shi da baki, ba shi da hannu, sai baƙaƙen 'ya'yan wasa. Tun da ya zauna a wurin kuma babu abin da ke ɓoye masa a allon, kafin ta taɓa soja ya san inda za ta ƙare.

Ya cinye ta. Washegari ya sake cinye ta. Ya san abin da zai faru ranar da ta yi nasara.

Damina ta wuce, wata daminar ta zo. Lantana ta rame, idanunta suka faɗa. Amma hannunta ya faɗa a wasan, har ta iya ɗana tarko. Wani lokaci ya kan ja wasan ya yi tsawo, don kawai ya daɗe yana ganinta.

Kada ku ɗauka shi waliyyi ne. Zaman wurin azaba ce. Ba barci, ba ƙishirwa balle a sha ruwa, ba juyawa dama ko hagu. In ta tafi, duhu da shiru kawai, sai ƙarar ɓera. Wata rana ya gaji, gajiyar da ba ta da suna. Ya ce a ransa, ita ma ai so take. Ita ta zo da ƙafarta.

Ya kawar da dokinsa daga tsaron gida.

Lantana ta tsaya. Ta duba, ta sake dubawa. Ta ci soja. Ya fito da sarauniyarsa fili ya ajiye mata. Ta dafe ƙirji, ta ce, "Ya Allah." Ta cinye. Sai Haladu ya ji yatsun ƙafarsa sun motsa, karo na farko. Ya ji ƙamshin man da take shafawa. Ya ji iskar waje a fuskarsa. Saura kaɗan.

Lantana ta sa hannu ɗaya tana murza gwiwarta. Murya ƙasa-ƙasa, tana murmushi, hawaye na zuba, ta ce, "Wai, ƙafafuna sun yi sanyi. Ka ƙara haƙuri, Maigida. Yau za ka kwana da hankalinka."

Haladu ya dube ta. Ya daɗe yana dubanta, har ta fara jijjiga linzamin, ta ɗauka kwamfutar ce ta tsaya.

Akwai wani ƙaramin baƙin soja a gefe da ta manta da shi. Ya tura shi gaba. Ya sake turawa. Kafin ta farga ya kai ƙarshen allo ya zama sabuwar sarauniya, sarkinta ya rasa wurin gudu. Ƙamshin ya ɗauke. Ƙafafunsa suka koma cikin siminti.

Ta yi zaune kamar an dasa ta. Sannan ta matso da fuskarta dab da gilashin, har numfashinta ya dusashe shi.

"Allah ya isa tsakanina da kai," in ji ta. "Mugu, azzalumi, marar imani. Ka raba ni da mijina, kuma kana yi mini wasa da rai. Ban yafe ba, duniya da lahira."

Ta share ido da bakin mayafi. Ta gyara zama. Ta danna sabon wasa.

Har yau tana zuwa. Gashinta ya fara fari. Har yau bai bari ta ci ko sau ɗaya ba, kuma kullum sai ta tsine masa kafin ta tashi.

Don haka ku ji ni da kyau, musamman kai Sabi'u mai ƙaiƙayin hannu. Mantuwa ba ta bar kowa ba, wata rana za ta fita ta manta ba ta datse kwaɗon ba. In kun bi ta bayan tasha da tsakar rana ku kaɗai, kuka ga koren ƙyauren nan a buɗe, allo na haske alhali babu wuta a unguwar, kada ku leƙa, balle ku zauna. Za ku ci wasan, ko ba ku iya ba. Mutumin ya gaji, kuma ku ba matarsa ba ne.