Baƙin Yadin Alhaji Maidaji

Baƙin yadi ne ya kai Abdulbaƙi kasuwar Shisanhang ta ƙasar Sin a 1998, ba soyayya ba. Ɗalibin kimiyya ne ɗan Kano, yana haɗa na'urar ƙirga muon, wasu ƙwayoyi masu zubowa daga sama da ido ba ya gani. Idon na'urar na gilashi ne, in tana kunne haske ƙona shi yake, dole a lulluɓe ta.

"Abaya za a ɗinka wa madam?" in ji Saffana, mai tsaron shagon babanta.

"Na'ura zan yi wa lulluɓi."

Ta yi ta dariya har tef ya suɓuce mata. Shi ke nan, malam ya kamu.

Babanta, Alhaji Maidaji na Maradi, ya ce sam. Ga Ismaël mai kwantenonin kaya yana neman aurenta, sai mai ƙirga abin da ba a gani?

Saffana ta turo saƙo: "Masanina, na shawo kan Baba, gobe zai zo ganin aikinka. Kar ka ji kunya."

Da Alhaji ya zo ɗakin binciken, kunya kam Abdulbaƙi ya ji, don allo ɗaya naɗe da yadi ne duk abin nunawarsa. Ya fita kawo shayi. Alhaji kuwa hannunsa bai taɓa ganin yadi ya ƙyale ba. Ya murza, ya yaye, ya ɗaga a taga yana duba saƙa. Na'urar tana kunne. Aikin wata takwas ya ƙone!

Farfesan Abdulbaƙi ya shigo yana tambayar wa ya buɗe.

"Ni ne," in ji Abdulbaƙi da Sinanci.

Aka wanke shi tas a gaban ɗalibai, kansa a ƙasa. Alhaji ba ya jin yaren, amma ya gane sarai. Ga yadin a hannunsa, ya rasa inda zai sa kansa.

A waje ya ce, "Ɗana, me ya sa ka ɗauki laifina?"

"Baba, gara ni da ku."

Kwana uku Alhaji bai iya fita kasuwa ba. A na huɗu ya zo da bandir ɗin yadi, ya ɗaga wa rana, ko ɗigon haske bai ratsa ba.

"Lulluɓe abinka da wannan," ya ce, idonsa a ƙasa. "Ka turo magabatanka."

Ranar ɗaurin aure Alhaji ya sa musu albarka. Da ango ya nuna masa sabuwar na'urar, Alhaji ya maida hannuwansa baya, ya riƙe su gam.