Benen Kawu Surajo

"Ban yarda ba, Nazeefa! Wallahi ban yarda Kawu Surajo ya taɓa gidan nan ba!"

Tunda muka yi aure Tawfiq bai taɓa ɗaga min murya ba sai ranar. Muna cikin mota a ƙofar gidan Umma a Lugbe, gidan da marigayi Abba ya bar mana. Ni na kawo shawarar a ɗora masa bene, don ƙannena sun girma, ɗakuna sun yi kaɗan.

"Ƙanin mahaifiyata ne fa, Abban Kauthar..."

"Na sani. Amma na je Mararaba na ga gidan da ya gina bara. Bangon falon ya tsage, hannuna har shiga ya yi! Haka ake zaɓen ɗan kwangila, Zeefa, a je a tambayi masu kwana a ƙarƙashin aikinsa. Na kawo Thaddeus, wanda ya gyara mana ofis, ya ce fandeshon nan ba na bene ba ne, sai an ƙara ginshiƙai."

"To in ce wa Umma me? Na tsallake ɗan'uwanta na ɗauko bare?"



A danginmu ba a tsallake na gida. Ko ɗinki ne, in dai akwai tela a dangi shi za a kai wa, ko da zai mayar da riga buhu. Da na gwada yi wa Umma maganar Thaddeus, hawaye ta fara.

"Surajo ni na goye shi, Nazeefa. So kike a ce mun yi arziki mun manta da shi?"

Shi kuwa Kawu dariya ya yi, yana kaɗa makullin mota.

"Mijinki tsoro ya yi masa yawa! Ina harkar siminti tun kafin ya yi haƙori."

Na ba Kawu aikin. Ina son mijina kamar raina, amma hawayen Umma sun fi ƙarfina.

Tawfiq bai yi fushi ba. Hannuna ya riƙe ya ce, "Abu ɗaya nake roƙo, rabin raina. Umma ta dawo gidanmu har a gama. Na sa an gyara mata ɗakin baƙi."

Umma ta ce sam. "Ni in kwana a gidan suruki? Ina kunyata ta tafi?" Matar da ko sunansa ba ta faɗa, ko abinci ba ta ci a gabansa. Sai ya zama kullum in ya tashi daga aiki yana biyawa ta Lugbe, ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe ta, ya ɗaga kai ya dubi rufin kankaren da aka zuba.

Damina ta yi nisa. Wata Laraba da la'asar ina ofis ya kira ni, ruwa na zuba kamar da bakin ƙwarya.

"Zeefa, Kawu ya kwashe katakon da ya tokare rufin, wai ana buƙatarsa a wani aikinsa a Nyanya! Kankaren bai bushe ba! Ƙofar ɗakin Umma ta ƙi rufuwa, ƙasa na zubowa daga bango. Yaran suna makaranta, ita kaɗai ce. Yau ko ba ta so sai ta fito."

Bai kashe wayar ba. Ina jin yana roƙonta, har na ji sun fito tsakar gida. Sai muryar Umma, ƙasa-ƙasa cikin kunya.

"Wayyo, hijabina... ba zan tsaya haka kaina a buɗe ba..."

"Tsaya nan, Umma, bari in ɗauko miki."

"Tawfiq, kar ka koma!" Na ƙwala ihu har mutanen ofis suka miƙe. Wayar na aljihunsa, bai ji ni ba.

Ƙarar da na ji bayan nan, har in mutu ba za ta bar kunnena ba.

Da aka tono shi, hijabin na damƙe a hannunsa.

Ranar sadakar uku Kawu ya zo, ya zauna a gabana yana murza hula. Kauthar na kan cinyata tana tambayar yaushe Abbanta zai dawo.

"Ƙaddara ce, 'yata. Ki yi haƙuri. Ni zan sake tayar da ginin, ba sai kin nemi wani ba..."

Dangi suka hau gyaɗa kai, ana jira in ce na gode. 

Umma ce ta miƙe. Hijabin ne a jikinta, ta hana a wanke shi, duk da farin siminti da ya bushe a kai.

"Surajo, tashi ka fita." Ta nuna masa ƙofa. "Ka kashe min Tawfiq. Ni da kai muka kashe shi."

Ranar na fara jin sunansa a bakinta.

Da yamma ta shiga ɗakin da ya gyara mata, ta zauna a bakin gadon, ta shafa sabuwar dardumar da ya shimfiɗa da hannunsa. Na rungume ta muka yi ta kuka. Umma ta tare a gidanmu, yanzu da babu surukin da za ta ji wa kunya.