Gadon Bayan Suruka

A daminar 1974 Sakinatu ta fara ganin Hamman, a barandar asibiti a Haɗejiya, yana duban bakin wata doguwar allura a hasken rana. Ta rako mahaifiyarta, Inna Kulu, daga Auyo. Ko gaisuwa Sakinatu ba ta yi ba, ta tambaye shi ko allurar ta doki ce.

Ya ce ta mutum ce, amma ba kowane mutum ba. Aikinsa shi ne yin allurar kashe ƙugu kafin tiyata: a sa magani ta tsakanin ƙasusuwan baya, rabin jiki na ƙasa ya mutu, mutum yana farke. Doguwar ta masu jiki ce.

Duk zuwan da suka yi bayan nan, da sabuwar tambaya take zuwa. Ya sa mata suna Mai Tambaya, ita kuma tana ce masa Malam Allura. Kafin shinkafa ta fid da kai ya tura kawunsa wurin mahaifinta, Malam Gwadabe, aka karɓi gaisuwa.

Sai likita ya ce ƙarin da ke marar Inna Kulu ba zai jira ba, a yi tiyata.

Inna Kulu dillaliyar bandar kifi ce, mace mai jiki ƙwarai. In ta shiga kwalekwale sai masu tuƙi sun sake wa kowa wurin zama. Da Malam Gwadabe ya ji wanda zai yi allurar, ya ce bai yarda ba. Suruki ko abinci ba ya ci a gaban surukarsa, balle ya taɓa gadon bayanta. A shaƙa mata banju kawai, maganin da ke sa barci. Likita ya ce da irin jikinta banjun shaƙa na iya tafiya da numfashinta, kuma ba wani mai yin allurar sai Hamman. Malam Gwadabe ya ce to, ko a fasa allurar, ko a fasa auren.

Sakinatu ta sami Hamman a gindin darbejiyar asibitin, ta tambaye shi wanne ya zaɓa.

"Allurar zan yi, Mai Tambaya. Inna ɗaya ce."

"Ni fa, mu nawa ne?"

"Ke ma ɗaya ce. Don Allah kada ki ƙara tambayata, ba na so hannuna ya yi rawa."

Ran tiyata aka zaunar da Inna Kulu a bakin gado, aka bar Sakinatu ta tsaya a gabanta ta riƙe mata kafaɗu. Hamman ya shigo ta baya. Bai yi wa Inna magana ba, sai ya ce, "Sakinatu, gaya wa Inna ta sunkuya kamar mai tsintar shinkafa."

Sakinatu ta maimaita, ko da yake Inna ta ji sarai. Inna ma ta bi ta nan. Ta ce a gaya masa ya ninka maganin, ita ba 'yar firit ba ce. Ya ce a gaya wa Inna ragewa ma zai yi, domin a jikin mai ƙiba maganin yakan hau sama fiye da yadda ake so, har ya kusanci ƙirji.

Sakinatu tana kallon hannunsa ta saman kafaɗar uwarta. Ya danna, bai ji ƙashi ba. Ya lalubo kan ƙugu ta gefe biyu, ya auna tsakiya. Allurar farko ta ci karo da ƙashi, ya zare. Gumi ya tsatso masa a goshi, amma hannun bai motsa ba. A ta biyu wani ɗigon ruwa garai-garai ya fito a gindin allurar. Ya tura maganin a hankali, aka kwantar da ita da matashi a ƙarƙashin kafaɗu. Jim kaɗan Inna ta ce a tambaye shi ina ya kai mata ƙafafu.

Aka yi aiki lafiya.

Da Malam Gwadabe ya zo dubiya, ya fara cewa magana tana nan yadda ya faɗa. Inna Kulu ta bari ya gama.

"Malam, ni aka yi wa, ba kai ba. Yaron nan bai ce mini uffan ba, ban ga ƙwayar idonsa ba, shi ma bai ga tawa ba. Wace kunya ce ta rage da bai yi ba?"

Malam Gwadabe ya daɗe yana juya hularsa. Ya ce zai yi shawara da 'yan'uwansa. Inna ta ce ya yi, amma ya hanzarta, ta riga ta aika a sayo tasoshi.

Bayan girbin shinkafa aka ɗaura aure a Auyo. Da ango ya zo gaisuwar surukai, ya durƙusa a bakin ƙofa, kansa a ƙasa. Inna Kulu ta juyar da fuska gefe, ta kira amarya.

"Sakinatu, gaya masa Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari."

Sakinatu ta gaya masa. Ya ce a gaya wa Inna amin.