Yatsan Auta a Kan Kyandir

Ko hannu na ɗaga sama na rantse, na san ba za ku yarda ba cewa babban yatsan yarinya 'yar shekara bakwai ya kusa rushe maganar aure. Amma haka aka yi da Gwani, kuma har yau in aka kunna kyandir a gabansa sai ya hau sosa ƙeya.

Gwani dai shi ya raɗa wa kansa sunan. A aji huɗu na sakandare ya yi wa makaranta sallama, wai malaman ba su da abin da za su ƙara masa. Gyaran waya yake yi a wata 'yar rumfa, bakinsa kuwa ya fi hannunsa aiki, ga tsokana kamar da ita aka haife shi. Abu ɗaya ne bai ɗauka da wasa ba, wato Malama, babbar 'yar Kafinta, mai koyar da yara a coci ranar Lahadi. Shekara biyu yana nemanta, tana sonsa, uban kuwa kullum sai ya ce a dakata, yaron bai gama zama mutum ba.

A gidan Kafinta ba a sayo kyautar Kirsimeti a kanti. Manya kan zauna da yara su haɗa da hannu: katin gaisuwa, tsumman sauke tukunya daga ƙyallayen tela, 'yan akwatuna daga guntayen katako. A wannan shekarar Malama ta roƙi mahaifinta a saka Gwani a ciki, ta ce ta tsaya masa.

"To, a ba shi kyandir, shi da Auta," in ji Kafinta. "In na ga aikin hannunsa, sai mu yi maganar da kike so."

Ranar Asabar suka haɗu a kicin da guntayen kyandir cike da kwano da gwangwanayen madara goma da Auta, ƙanwar Malama, ta wanke tas. Kafin ta tafi koyon waƙa, Malama ta nuna masa yadda ake ɗaura lagwani a jikin tsinken tsintsiya, a gitta shi a bakin gwangwani don ya tsaya a tsakiya. Gwani ya yi dariya ya ce wannan tsohon yayi ne, mutumin da ke buɗe cikin waya ba ya bukatar tsinke. Ya narkar da guntayen, ya zuba, ya jefa lagwani da ka. Auta kuwa tana bin kowane gwangwani tana dangwala babban yatsanta a sama kafin ya daskare, tana hura yatsan saboda zafi. Ya tambaye ta me take ɓatawa haka, ta buɗe baki ke nan wayarsa ta yi ƙara, bai ji amsar ba.

Washegari da ya leƙa, sai ya tarar aikin ya lalace. Lagwani duk ya kwanta gefe, tsakiya ta lotsa, ga tabon yatsa a kan kowanne. Wannan zai kai gaban Kafinta, mutumin da ke auna ƙafar kujera sau uku? Ya tattara su a buhu ya cusa bayan katakai a shagon Kafintan, ya nufi kanti ya sayo goma masu santsi da ƙamshi, ya kankare sitika, ya ɗaura musu zare ja. Sannan ya ja Auta gefe ya ce ta yi shiru, in ta faɗa wa kowa, auren Yayarta ya lalace. Yarinyar ta dube shi, ta gyaɗa kai, ko alewar da ya miƙa mata ba ta karɓa ba.

Ranar Kirsimeti bayan an taso daga coci aka cika falo. Kafinta ya juya kyandir ɗaya a hannu ya daɗe yana dubawa, Gwani na gefe yana zuba, wai dizayin nasa ne, ƙamshin kuma sirri ne. Malama sai murmushi take yi. Aka miƙa wa Kaka nata. Tsohuwar idonta ya yi rauni, da hannu take gani. Ta shafa sama, ta shafa gefe, ta sake shafawa.

"Ina yatsan kishiyata?" ta ce, don haka take tsokanar Auta. "Kowace shekara sai ta sa mini shaida in gane nata. Ko bana an yi fushi da ni ne?"

Auta ta fashe da kuka. Da ƙyar aka ji abin da take faɗi a cikin zanen Kaka: ta sa, duka goma ta sa, amma Yaya Gwani ya ce in ta yi magana Yaya ba za ta yi aure ba.

Gwani ji yake da ƙasa za ta tsage da ya shige. Malama ba ta ɗaga murya ba, hawaye ne kawai ke zuba.

"Munin waɗanda kuka yi ba zai dame ni ba," ta ce. "Kwana huɗu yarinyar nan ba ta cin abincin kirki, ashe kai ka ɗora mata. Ni kuma na tsaya maka a gaban Baba."

Ba wanda ya aike shi, shi ya tashi da kansa ya ɗauko buhun, ya zazzage shi a gaban kowa. Kaka ta lalubi ɗaya, yatsanta ya faɗa cikin ɗan ramin, ta ce yawwa, ga kishiyata, a kunna mata wannan. Lagwanin na gefe, wutar ta karkace, amma ta kama.

Gwani ya durƙusa gaban Auta. "Sori" ya fara cewa, sai ya ji kalmar ta yi masa kaɗan. "Ki yafe mini, ƙanwata. Ni na ɓata aikin, naki ne kaɗai mai kyau a ciki."

Kafinta ya ce da karkatattun ya kawo tun farko, da yau an sa rana, domin karkataccen aiki ana gyara shi, amma wanda zai koya wa yaro ƙarya don ya rufe kunyarsa bai isa riƙe gida ba tukuna. Hukunci kuwa, duk Asabar zai zo kicin, Auta ce shugaba, har sai lagwani ya tsaya a tsakiya, sannan a koma maganar.

Wata uku aka yi ana wannan, Malama ta jira, kuma jiran bai faɗi ƙasa banza ba, an yi auren. Amma a ranar Kirsimetin dai, ta share ido, ta zare tsinke ɗaya daga tsintsiya ta miƙa masa. Gwani ya karɓa da hannu biyu.